Direbana ya fi gudu a kan ƙwaya 8 fiye da 32: rage rububin makulli a sashen memori

"Assalamu alaikum Yaya. Ni mazaunin Aboabo ne a nan Kumasi, ina aiki da wani ƙaramin kamfani. Na rubuta wa Linux direba, wato manhajar da ke sarrafa na'ura, na wani kati da ke karɓar bidiyo daga kyamarori 16, kowace tana turo hoto 30 a sakan, girman 1920 da 1080. Direban yana riƙe da jerin mazuban memori, inda ake zuba hotunan. Idan jerin ya ƙare sai ya ware sabbi, idan an gama da su ya saki. Manhajarmu tana yin mmap a kan kowane hoto, wato ta shigar da mazubinsa cikin taswirar memorinta, ta karanta, ta yi munmap, wato ta cire shi. Makulli ɗaya na sa, spinlock, irin wanda mai jiransa ke ta juyi har a buɗe, shi ke tsare jerin da lissafin duka don kar biyu su taɓa su a lokaci guda. A kwamfutar ofis mai ƙwaya 8, wato core na furosesa, komai lafiya. Da muka sayo saba ta hannu mai furosesa biyu, ƙwaya 32, sai aikin ya koma baya, har hotuna na zubewa. Na duba da perf, mai auna inda lokacin furosesa ke tafiya, na ga native_queued_spin_lock_slowpath a saman jeri. In cire makullin ne in rubuta jerin da ba ya buƙatar makulli, ko in musanya shi da wani iri? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam ƙanena, amin, Allah ya ƙara mana baki ɗaya. Idan na fahimce ka, tambayar ta rabu biyu: me ya sa ƙarin ƙwayoyi ya jawo koma baya, kuma wane irin makulli ne zai raba ka da wannan ciwo. Ta farkon ita ce mai nauyi. Amma tun kafin mu yi nisa ga shawarata: kar ka cire makullin, kar kuma ka musanya shi da wani tukuna. A cikin lissafin da ka ba ni akwai alamar cewa wataƙila ba makullinka ne babban mai laifi ba, zan kuma nuna maka wurin.

A bakin layinmu a Nima akwai wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai tun asuba. Sa'ad da ita da 'yarta ɗaya ke aiki, gwangwanin canji guda ya ishe su, wannan ta buɗe ta zari sidi biyu ta rufe, waccan ta buɗe. Da ciniki ya buɗe sai ta ƙaro yara huɗu, kowace da ludayinta da ledojinta. Zuba koko ya yi sauri, amma layi bai ragu ba, domin duk wadda aka miƙa wa takardar sidi ashirin sai ta tsaya jiran gwangwani, shi kuma gwangwanin sai yawo yake daga wannan gefen tebur zuwa wancan. Ba ka jin komai sai "miƙo min" da "bari in gama". Asara iri biyu ce a nan, kuma a kwamfuta ma haka suke: akwai ta jira, akwai ta yawon gwangwani.

Ta jira ita ce wadda Gene Amdahl ya yi wa lissafi tun 1967. Idan kashi 5 cikin 100 na aiki dole sai an yi shi ɗaya bayan ɗaya, ƙwaya 32 ba za su ba ka ninki 32 ba, abin da za ka samu bai wuce 12 da rabi ba, ko ƙwaya dubu ka kawo kuma ba za ka haura ninki 20 ba. Wannan ya bayyana dalilin da gudu ke tsayawa cak, amma bai bayyana komawa baya ba. Komawa baya daga yawon gwangwani take zuwa. Kowace ƙwaya tana da ma'ajin kusa, inda take ajiye abin da take taɓawa a layuka masu bayit 64. Makulli kansa ɗan wuri ne a memori da ke zaune a cikin ɗaya daga waɗannan layuka, kuma duk ƙwayar da za ta rubuta a layin sai ta ƙwace shi daga hannun wadda ta riƙe shi a baya. A kwamfutar ofishinku ƙwayoyin takwas suna gida ɗaya, miƙa layi tsakaninsu ba shi da tsada sosai. A sabar kuwa furosesa biyu ne, kowanne da memorinsa, layin sai ya tsallaka gadar da ke haɗa su, kuma ba makullin kaɗai ke tsallakawa ba, har da kan jerin da ƙididdigar da yake tsarewa. Wanda ya riƙe makulli yakan ɓata lokacinsa yana jiran waɗannan layuka su iso, don haka riƙon kansa ya ƙara tsawo, masu jira suka ƙara yawa.

Shi ya sa musanya irin makulli ba kasafai take warkarwa ba. Linux ya riga ya yi wannan aikin iyakar iyawa. A sigar 2.6.25 aka kawo makullin tikiti don kowa ya bi layi, a 4.2 cikin 2015 aka kawo qspinlock, wanda aka gina a kan dabarar Mellor-Crummey da Scott ta 1991, inda kowane mai jira ke zuba ido a kan nasa layin ma'aji maimakon duka su taru a kan guda. Sunan da ka gani a perf ɗakin jiran wannan makulli ne. Ya gyara tsarin layi, amma rage yawan masu layi ba aikinsa ba ne. Idan ka koma mutex, mai jira zai iya kwanciya barci, sai ka biya kuɗin tashinsa, ga shi ba a riƙe mutex a cikin mai amsa katsewar kati, wato kod ɗin da ke gudana idan kati ya katse furosesa don a kula shi. Idan ka koma makullin masu karatu da mai rubutu, ka tuna kowane mai karatu sai ya rubuta a ƙididdigar makullin kafin ya shiga, layin zai ci gaba da yawonsa, ballantana kai aikinka cirewa ne da mayarwa, duka rubutu ne.

Wane makulli ne ma tukuna?

Ga lissafin da na ce zan nuna maka. Kyamara 16 sau hoto 30, hoto 480 ke nan a sakan. Ko da kowane hoto yana taɓa makullinka sau huɗu, ba ka kai 2000 a sakan ba. Wannan ba komai ba ne, spinlock da ake riƙewa na ɗan ƙiftawa yana ɗaukar miliyoyi a sakan. To ina cunkoson ya fito? Hanya biyu ce kawai. Ko dai kana riƙe makullin na dogon lokaci, ko kuma makullin da ake rububi a kai ba naka ba ne. Duba ɗaya gefen: hoto mai 1920 da 1080, idan kowane ɗigo bayit biyu ne, bayit 4,147,200 ke nan, wato shafin memori 1013 masu bayit 4096. Ka ninka da 480, ka samu shafi sama da 486,000 a kowane sakan. Kowanne sai an ware shi, a haɗa shi da kati, a shigar da shi teburin shafukan manhaja, a cire, a saki. Kowane mataki a cikin waɗannan yana da makullinsa a cikin kanel, wato zuciyar Linux. A nan miliyoyin suke.

Abin da ya rufe maka ido shi ne duk spinlock ɗin da ke cikin kanel a wannan suna guda yake bayyana idan an jira shi. Sai ka tambayi perf wa ya kira shi. Ka yi perf record tare da -a da -g na sakan goma yayin da kyamarori ke aiki, ka buɗe rahoton ka bi sarƙar kira. Idan kanel ɗinka ya kai 5.19, akwai wuraren bibiya na musamman da aka dasa don fara jira da ƙarewarsa, kuma perf na zamanin 6.0 zuwa sama yana da umarnin perf lock contention wanda zai jero maka masu jira da jimillar lokacin da kowanne ya ɓata. Idan kuma kai ke gina kanel ɗinka, kunna CONFIG_LOCK_STAT ka karanta /proc/lock_stat. A can ina so ka kalli abu uku a kan makullinka: sau nawa aka karɓe shi, tsawon riƙo mafi girma, da jimillar jira. Karɓa kaɗan da riƙo mai tsawo ciwo ɗaya ne, karɓa da yawa da riƙo gajere wani ciwon ne dabam, maganinsu ma ba ɗaya ba.

Akwai kuma gwajin minti biyar da nake fara yi kafin in taɓa komai. Ka tashi manhajar da numactl, ka ɗaure ta a furosesa ɗaya da memorinsa, wanda katin ke manne da shi. Za ka ga lambarsa a fayil ɗin numa_node na katin a ƙarƙashin /sys/bus/pci/devices. Idan gudu ya dawo da ƙwaya 16 fiye da yadda yake da 32, ka tabbatar yawon gwangwani ne. Wannan ma ya isa ya riƙe ku aiki kafin a gama gyaran gaskiya.

Idan makullinka ne

Mu ɗauka sarƙar kira ta nuna direbanka. Abu na farko, buɗe kod ɗin ka karanta duk abin da ke tsakanin kullewa da buɗewa, layi bayan layi, kana tambayar kowanne: dole ne ka kasance a nan ciki? Na taɓa gadon wani direba a wani wurin aiki a nan Akra, mai kama da naka, inda aka yi makonni ana zargin katin da kansa. Da na zauna na karanta sai na tarar ana share mazubi gaba ɗaya da memset a cikin makulli, megabayit da yawa, tare da katsewa a kashe. Wanda ya rubuta ya yi haka ne da kyakkyawar niyya, don kar hoton wani ya faɗa hannun wani, kuma yana da gaskiya cewa sai an share. Kuskuren wuri ne kawai. Da zarar ka zare mazubi daga jeri ya zama naka kai kaɗai, babu mai ganinsa, sai ka buɗe makulli ka share shi a waje. Layi biyu muka sauya wa wuri, zubewar hotuna ta tsaya. Na fi tuna wannan aiki fiye da waɗanda suka ci min watanni.

A naka direban abin da na fi zargi shi ne inda ka ce idan jeri ya ƙare sai ya ware sabbi. Idan kana yin hakan a cikin spinlock, dole da GFP_ATOMIC kake yi, wato neman memori ba tare da barci ba, tunda ba a barci a ciki, kuma shafi dubu kake karɓowa kowa na tsaye yana jiranka. Ka'idar ita ce ka ware a waje, ka kulle, ka sake dubawa ko wani ya riga ka cika jerin, ka saka, ka buɗe. Wajen saki kuma ka kulle, ka tsinke abin da za a saki zuwa wani jeri na gefe da list_splice_init, ka buɗe, sannan ka sake su a natse. Haka printk, haka tashin masu jira, haka duk wani lissafin da ba ya taɓa jerin, duka su fita.

Abu na biyu, ka raba gwangwanin. Mai kokon nan abin da ta yi a ƙarshe ke nan, kowace yarinya ta ɗaura lalitarta da canjin da zai ishe ta, ba ta komawa wurin uwar sai lalita ta cika ko ta ƙare. Kanel cike yake da wannan dabara. Jeff Bonwick ya kawo slab, tsarin rabon memori, a kanel ɗin Solaris a 1994, a 2001 shi da Jonathan Adams suka ƙara wa kowace ƙwaya ƙaramar ma'ajiyarta da ake cikawa a dunƙule. Mai rabon shafuka na Linux yana da jerin kowace ƙwaya don kar a riƙa zuwa zone->lock, babban makullin rabon shafuka, a kan kowane shafi, idan kuma aka je, sari ake yi ba sayen ɗai-ɗai ba. Direbobin katin sadarwa suna da page_pool tun 4.18 saboda wannan dalilin.

Sai dai a nan ina so ka yi hattara, domin yawancin abin da za ka karanta zai ce maka ka yi lalita ga kowace ƙwaya, kuma a wurinka ba ita ce mafi dacewa ba. Mazubinka kusan megabayit 4 ne. Ƙwaya 32, kowace ta riƙe 16, ka kwantar da gigabayit 2 ke nan, kuma zai iya faruwa wata ƙwaya tana zaune a kan mazubai ba ta amfani da su alhali wata ta rasa, sai ka koma rubuta hanyar aro tsakaninsu, wadda ita ma sai da makulli. Ga kuma zare, wato reshen aiki na manhaja (thread), da ke karɓa a wannan ƙwaya ya mayar a waccan. Rabon da aikinka ya riga ya zo da shi na kyamara ne. Kyamara ta uku ba ta da wata hulɗa da mazuban ta tara. Ba kowace jerinta, makullinta, ƙididdigarta, mazubai shida ko takwas da aka ware tun farko. Daga nan masu taɓa kowane makulli ba su wuce biyu ko uku ba: mai amsa katsewa da zaren da ke karanta wannan kyamarar. Tsarin videobuf2, wanda ke cikin Linux tun 2.6.39, a kan wannan siffa aka gina shi, kowane layin bidiyo da nasa mazuban. Ina ba ka shawara ƙwarai ka duba ko direbanka zai iya hawa kansa, domin zai ɗauke maka rabin abin da muke tattaunawa.

Idan ka raba, ka kula kar ka jera makullan 16 a manne da juna. Spinlock bayit 4 ne kawai idan ba a kunna kayan bincike ba, sha shida za su shige layin ma'aji ɗaya daidai, sai ka ga ka raba a takarda amma layin bai daina yawo ba. Ka sa kowane tsarin kyamara ya fara a nasa layin da ____cacheline_aligned_in_smp, ko ka ware wa kowanne nasa dabam. Umarnin perf c2c shi ke kama irin wannan zaman haya na dole. Ƙididdigar jimilla kuma, irin su hoto nawa aka karɓa gaba ɗaya, kar ka tara ta wuri guda. Kowace kyamara ta ƙirga nata, a haɗa sa'ad da wani ya tambaya.

Idan na kanel ne, wanda shi na fi zato

A nan maganar mmap da munmap a kan kowane hoto ta shigo, kuma ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Kowace manhaja tana da makulli guda da ke tsare taswirar memorinta, duk zarurrukanta suna tarayya a kansa. A da sunansa mmap_sem, a 5.8 aka mayar da shi mmap_lock. Duk mmap da munmap sai sun karɓe shi a matsayin mai rubutu, wato su kaɗai. Duk tuntuɓen shafi kuma, wato sa'ad da manhaja ta taɓa adireshin da ba a shigar da shafinsa a tebur ba tukuna, yana karɓarsa a matsayin mai karatu. Kai kana da masu rubutu 960 a sakan, tsakaninsu kuma, idan direbanka yana shigar da shafuka ɗaya-ɗaya ta hanyar fault, wato kod ɗin direba mai amsa tuntuɓe, masu karatu kusan rabin miliyan. Kowane mai rubutu sai ya jira masu karatu su fita, masu karatun da suka zo bayansa kuma su jira shi. Sannan munmap ba ya tafiya shi kaɗai: sai ya aika wa kowace ƙwayar da ke gudanar da zaren manhajar katsewa cewa ta goge fassarar adireshin da ta haddace, ya kuma jira amsarsu. Da ƙwaya 8, bakwai zai taɓa. Da 32 zai iya kaiwa 31, rabinsu a ƙetaren gada. Ka ga inda koma baya ke fitowa ko da makullinka ba shi da laifi.

Masu kanel sun daɗe suna fama da wannan makulli. A 6.1, ƙarshen 2022, aka sauya bishiyar da ke riƙe yankunan memori da maple tree na Liam Howlett da Matthew Wilcox, wadda ake iya karantawa ba tare da makulli ba. A 6.4 cikin 2023 aikin Suren Baghdasaryan ya shigo, inda kowane yanki ya sami nasa makullin, tuntuɓen shafi ya daina taɓa babban a mafi yawan lokuta. Ka duba uname -r, domin Ubuntu 22.04 da 5.15 ya fito, Debian 12 da 6.1, Ubuntu 24.04 kuma da 6.8. Amma kar ka sa rai sabunta kanel kaɗai zai fitar da kai. Kanel ba ya amince wa fault na kowane direba ya gudana a ƙarƙashin ƙaramin makullin, tunda direbobi da yawa an rubuta su bisa zaton babban yana riƙe. Yankin da ba shi da map_pages, kamar na yawancin direbobin na'ura, ana mayar da tuntuɓensa ne a sake shi ƙarƙashin mmap_lock kamar da. Masu rubutun nan 960 kuma suna nan ko a wane kanel.

Maganin ba ya buƙatar wata dabara mai zurfi. Ka ware mazuban duka sau ɗaya lokacin da aka buɗe kyamara, a memorin furosesan da katin ke manne da shi, dev_to_node zai gaya maka wanne ne. Manhaja ta yi mmap a kan kowane mazubi sau ɗaya, kai kuma a cikin mmap na direba ka shigar da shafukan duka a tashi guda, da vm_insert_pages ko remap_pfn_range ko dma_mmap_coherent, gwargwadon yadda ka ware su, don kar a yi tuntuɓe ko ɗaya daga baya. Daga nan abin da ke kai-komo tsakanin direba da manhaja lambar mazubi ce kawai: ga na biyar ya cika, na gama da na biyar. Ba a munmap sai ranar rufewa. Idan memorin na manhaja ne take miƙo maka, ka kafe shi sau ɗaya da pin_user_pages tare da FOLL_LONGTERM, ka riƙe, maimakon kafewa da saki a kan kowane hoto.

Haɗawa da kati ma haka. Saba irin taku galibi tana da IOMMU, mai fassara adireshin da kati ke amfani da shi zuwa na memori, kuma idan a kunne yake, kowane dma_map sai an samo masa adireshi daga wata bishiya mai makulli guda, kowane dma_unmap kuma yana jawo goge haddar IOMMU ɗin. Tun 4.7 aka sa wa wannan bishiya lalitar kowace ƙwaya, amma lalitar ƙananan yankuna take riƙewa, yanki mai megabayit 4 kai tsaye bishiyar yake zuwa. Ka haɗa sau ɗaya, sannan ka riƙa amfani da dma_sync wajen miƙa mazubi tsakanin kati da furosesa. Kar ka kashe IOMMU don neman gudu, shi ne katangar da ke hana kati mai kuskure rubutu a memorin da ba nasa ba. Idan ka yi waɗannan, zone->lock ma ya fita daga hanyarka, tunda ba ka ƙara ware ko sakin shafi yayin da bidiyo ke gudana.

Abin da za ka biya shi ne memori da ke kafe ko ana amfani da shi ko ba a yi. Kyamara 16 sau mazubi 8 sau megabayit 4, rabin gigabayit ke nan. A saba wannan farashi ne mai sauƙi. A ƙaramin allo mai gigabayit ɗaya kuwa sai ka rage adadin, ka kuma yanke shawara tun yanzu me zai faru idan manhaja ta makara mazubai suka ƙare: a zubar da sabon hoto ne ko a rubuta a kan mafi tsufa. Wannan hukunci na masu amfani da bidiyon ne, ka tambaye su, kar direba ya yanke shi a ɓoye ta hanyar ware ƙarin memori.

Maganar jerin da ba shi da makulli

Na san abin yana da jan hankali, kuma yana da wurinsa. Amma ka sani cmpxchg, umarnin kwatantawa da musanyawa da ake gina irin wannan jeri a kai, shi ma rubutu ne a layin ma'aji. Ƙwaya 32 da ke kokawa a kan kan jeri guda za su yi ta ƙwace layin kamar yadda suke yi da makulli, wanda ya faɗi kuma ya sake gwadawa. Ga haɗarin da ya fi wannan: zare ya karanta kan jeri ya ga mazubi A da B a bayansa, kafin ya musanya wani ya cire A, ya cire B, ya mayar da A. Na farkon ya ga A na nan, ya ɗora B a kai, alhali B yana hannun wani ana zuba masa hoto. Irin wannan ɓarna takan yi sati ba ta fito ba, ran da ta fito kuma ba ta barin sawu. Shi ya sa llist na kanel ya yarda mutane da yawa su saka a lokaci guda, ya yarda a kwashe duka a tashi ɗaya, amma cire na farko ɗaya-ɗaya sai mai cirewa guda ko kuma da makulli. Ƙari a kan haka, kod ɗin da ya yi daidai a x86 zai iya karyewa a ARM, domin ARM ya fi sakin jiki wajen jeranta karatu da rubutu.

Bayan ka raba bisa kyamara, idan ya zama mai sakawa ɗaya ne mai cirewa ɗaya, kfifo yana aiki ba tare da makulli ba a daidai wannan yanayi, an kuma daɗe ana gwada shi. Neman mazubi da lambarsa kuma, wanda karatu ne zalla, xarray yana yin sa a ƙarƙashin RCU, dabarar kanel ta karatu ba tare da makulli ba. Waɗannan biyun na yarda ka ɗauka. Wanda za ka ƙera da hannunka ban yarda ba, kuma ina kyautata zaton ba za ka buƙace shi ba, domin spinlock da mutum biyu ke taɓawa sau 60 ko 120 a sakan ba zai ko bayyana a perf ba.

Duk wanda ya mayar da makulli ɗaya 16 ya buɗe ƙofar sarƙewa, inda wannan ya riƙe na farko yana jiran na biyu, wancan ya riƙe na biyu yana jiran na farko. Idan akwai wurin da dole ka riƙe biyu, kamar lokacin rufe kati gaba ɗaya, ka tsayar da tsari guda, daga ƙaramar lamba zuwa babba, ka rubuta shi a saman fayil. Ka gina kanel na gwaji mai kayan binciken kuskure na lockdep da KASAN, wani kuma mai KCSAN, ka bar kyamarori suna gudu kwana guda kana buɗewa kana rufewa, kana kashe manhaja a tsakiyar aiki. Lambobin gudu kuma kar ka ɗauke su a wannan kanel, kayan binciken suna da nauyi. Ka auna a na aiki, gyara ɗaya awo ɗaya, da ƙwaya 8, da 16, da 32.

Ban ga kod ɗinka ba ƙanena, duk abin da na faɗa daga lissafin wasiƙarka na ciro shi, kuma awo yana iya ƙaryata zatona. Akwai yanayi ɗaya da zai sauya karatun gaba ɗaya: idan direban yana gudana ne a cikin kwamfutar aro (virtual machine) da ke kan sabar, mai masauki, wato tsarin da ke ɗauke da ita, zai iya tsayar da ƙwayar da ke riƙe da makulli, sauran su yi ta juyi a banza, a nan sai an fara gyara rabon ƙwayoyi kafin a taɓa direba. Ka turo min sakamakon uname -r, da layuka ashirin na farko na rahoton perf mai sarƙar kira, da abin da gwajin numactl ya nuna, da kuma sassan kod ɗin da ke tsakanin kullewa da buɗewa. Ka gaishe min da mutanen Aboabo.